Amsa: gaisuwar farko a harshen Manks

Malam, ka tambayi da me za ka fara a harshen Manks, wato harshen Tsibirin Man da ke tsakanin Birtaniya da Ireland. Fara da gaisuwa: Moghrey mie, barka da asuba, Fastyr mie, barka da yamma, Kys t'ou, yaya kake.

Tarkon yana wajen furuci. Rubutun Manks ya bi tsarin Ingilishi, in ka karanta shi kamar Hausa ba mai gane ka. Moghrey mie ana cewa "mora mai" ne, gh ɗin ba ya fita. Sai da safe kuwa Oie vie ne, "ii vai": oie (dare) kalma ce ta mace, shi ya sa m ɗin mie ya koma v.

Godiya ga mutum ɗaya Gura mie ayd, ga jama'a ko babba Gura mie eu. Saurari sautukan Culture Vannin, hukumar raya al'adu da harshen tsibirin, kafin ka haddace.