Tagar rufi a kicin ɗin gidan haya: kafin a huda kwano

Tambaya: Barista, gidan haya muke a Hotoro, shekara-shekara muke biya. Kicin ɗina ba shi da taga, ko da rana tsaka sai na kunna fitila, ga zafi ga hayaƙi. Ina so a huda rufin a sa min taga mai gilashi, irin wadda ake buɗewa iska ta fita. Dillalin da ya samo mana gidan ya ce ba komai. In kira mai aiki?

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Buƙatarki mai kyau ce, girki cikin duhu da hayaƙi yana cutar da ido da ƙirji. Amma "ba komai" ɗin dillali ba izini ba ne, sai in mai gida ya wakilta shi a kan gyare-gyare, kuma ranar da rigima ta tashi ke za a ce ki kawo hujjar wakilcin.

Kuɗin haya amfanin gida ya saya miki, bai ba ki ikon canza fasalin gini ba, rufi kuwa jikin gini ne. A Kotun Majistare haka abin yake, a Kotun Shari'ar Musulunci ma haka: gidan haya amana ne a hannun mai haya, in ya ƙetare iyaka abu ya lalace, shi zai biya. Ki ɗauko takardar yarjejeniyarku ki karanta, galibi akwai sharaɗin hana gyara sai da rubutaccen izini. Mai biyan shekara bisa al'ada wata 6 ake ba shi na notis ɗin tashi, sannan kwana 7, amma in an rubuta cewa saɓa sharaɗi yana kashe hayar, za ki iya rasa wannan wa'adin.

Wani abin da 'yan haya ke mantawa shi ne, galibi abin da aka kafe a jikin gini yakan zama na mai ginin. Ranar tashi ba za ki cire tagar ki bar masa rami ba. Saboda haka maigidanki ko ke ku zauna da mai gidan da kansa, a rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Ta faɗi girman tagar da wurin da za a sa ta, wa zai biya, ko za a cire wani abu daga kuɗin haya mai zuwa, da wanda gyara zai hau kansa in ta yi yoyo. Wannan na ƙarshen yana iya kai mutane kotu.

In rufin kwano ne da silin, aikin mai sauƙi ne. In kuwa rufin na kankare ne, hudawa na nufin yanke rodi, kada a taɓa sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya duba, kuma mai gida ne zai nemi amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ba ke ba.

Sai batun mai aiki, nan nake so ki fi nutsuwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba ki damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3, ta kuma ba ki damar neman a sake aikin da aka yi ba daidai ba ko a mayar miki da wani kaso na kuɗinki. To ki lura: in aka sa tagar a Disamba, wata ukun zai ƙare tun hadari bai haɗo ba, aibin tagar rufi kuwa ruwan Agusta ne ke tona shi. Don haka ki karɓi rasiti mai sunan shago, ko a Ƙofar Ruwa kika saya ko a ina. Ki rubuta da mai aikin cewa ya lamunce aikin har ƙarshen damina guda, ki riƙe wani abu daga ladansa. Ranar da ya gama, a kwarara ruwa a kan rufin kina tsaye, musamman gefen da kwano ya haɗu da tagar, ki ɗauki bidiyo. A sa raga saboda sauro, marufin kuma ya zama mai rufuwa ruf saboda ƙurar hunturu.

Kuma in da gas kike girki, ki sani ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. Tagar sama ba za ta fitar da shi ba, sai da mafita ta ƙasa.

In saɓani ya taso, ki fara da takardar koke a rubuce, sannan zauren sulhu na Babbar Kotun Jiha. In bai yiwu ba, akwai kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da Kano ta buɗe a 2019, ba lallai sai da lauya ba.

In kuma mai gida ya ce a'a, doka ba za ta tilasta masa ba. Abin da ya rage miki shi ne farin fenti, fitilar sola, da roƙonsa ya yarda a sa fankar zuƙe hayaƙi a bango, ita ma da izininsa a rubuce.