Amsa ga ƙanenmu mai shirin barin Bronx ya dawo Greenville

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Yanzu na taso daga aikin dare, ina zaune cikin mota a ƙofar gida, na ce bari in ba da amsa kafin barci ya ɗauke ni.

Ƙanena, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce Bronx, unguwarku a birnin New York na Amurka, ta ishe ka, kuɗin haya na cinye abin da kake samu a tuƙin tasi, ga yara uku a ɗaki biyu. Ka ga bidiyon tsakiyar garin Greenville, ruwa na gangarowa kan duwatsu, ga bishiyoyi ga tsafta, shi ne kake son kwaso iyali da zarar an yi hutun makaranta, aiki kuma in ka iso ka nema. Ka ce tunda na shekara bakwai a nan in faɗa maka gaskiya. To zan faɗa maka tsakani da Allah, kamar yadda zan faɗa wa wanda muka fito ciki ɗaya.

Tukuna ma, ka tabbatar wace Greenville kake nufi, don suna da yawa a ƙasar nan. Tamu ta South Carolina ce, a kan babbar hanyar 85, tsakanin Atlanta da Charlotte. Atlanta wajen awa biyu da rabi ce a mota, Charlotte awa ɗaya da rabi. Akwai wata Greenville a North Carolina, akwai kuma Greensboro inda 'yan'uwanmu mutanen Nijar suke da yawa. Mutane na yawan haɗa su.

Abin da ka gani a bidiyon nan gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Amma da ba haka wajen yake ba. Garin nan garin masaƙu ne, har kirari suke masa da cibiyar saƙa ta duniya. Da masaƙun suka fara rufewa, kuma aka gina manyan kantuna a bayan gari, irin Haywood Mall da aka buɗe a 1980, sai 'yan kasuwa suka kwashe suka bar Main Street, babban titin tsakiyar gari. Wani dattijo baƙar fata da muke aiki tare, a nan aka haife shi, ya ce min a lokacin in magariba ta yi ba ka ganin kowa a titin, shaguna duk an toshe tagoginsu da katako. Yana ba ni labarin nan Kakuri ce ta faɗo min a rai, yadda unguwar ta koma bayan masaƙun Kaduna sun tsaya. Ciwo iri ɗaya ne.

Wanda ya fara ɗaga garin wani magajin gari ne, Max Heller, Bayahude ɗan gudun hijira da ya tsere daga Vienna a 1938, ya fara da aikin leburanci a kamfanin ɗinka riguna a nan. Ya riƙe garin daga 1971 zuwa 1979. A zamaninsa aka yanke shawarar da mutane suka ɗauka hauka ce: titi mai layi huɗu aka matse shi ya koma biyu, aka faɗaɗa wajen tafiyar ƙafa, aka dasa bishiyoyi. Su ne inuwar da ka gani a bidiyon. Otal ɗin Hyatt ya buɗe a 1982, zauren wasanni na Peace Center a 1990. Shi kuwa ruwan da ya burge ka, kogin Reedy ke nan, kuma shekara arba'in gadar motoci ce a kansa ta rufe shi ruf, har akwai waɗanda suka girma a garin ba su san da gangaren ruwa a wajen ba. Magajin gari Knox White, wanda ke kan kujerar tun 1995, shi ya dage sai an rushe gadar. An yi ta rigima, aka rushe ta a 2002, aka buɗe lambun Falls Park da gadar ƙafa ta Liberty a 2004. Ka lissafa, daga Heller zuwa nan fiye da shekara talatin ana abu ɗaya. Ni ina girmama wannan aikin ƙwarai. Ranar Lahadi da yamma nakan kai yara, mu tsaya a kan gadar nan mai lanƙwasa, tana ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafarka, feshin ruwan na taɓa fuskarka. Ƙaramar 'yata ba ta yarda mu tafi sai ta ƙirga agwagin da ke ƙasa.

To amma ƙanena, ka ji inda maganar take. Wannan wajen da aka gyara, ba nan za ka zauna ba, kuma ba nan za ka yi aiki ba. Gidajen tsakiyar gari yanzu na masu hali ne, likitoci, lauyoyi, injiniyoyi, da waɗanda suka sayar da gida a jihohin arewacin ƙasar nan suka zo da kuɗinsu a hannu. Aikin da ke Main Street mafi yawa na gidan abinci ne da otal da mashaya, wanke kwanuka, gyaran ɗaki, kai abinci tebur, kuma da yawansu akwai giya a ciki, wanda na san ba za ka so ba. Ko su mutanen da aka tarar a wajen gyaran bai bar su duka ba. Unguwannin baƙaƙen fata na da, irin Southernside da West Greenville, tun da aka buɗe lambun Unity Park a 2022, kai tun kafin nan ma, ƙasa ta yi tsada, masu haya da yawa sun tashi. Dattijon nan da na ce maka, gidan da ya girma a ciki yau ba zai iya kama hayarsa ba. Da ya faɗa min, shiru na yi, don ban san me zan ce masa ba.

Aikin da ke riƙe da yankin nan yana bakin babbar hanya, cikin masana'antu. BMW na da kamfani a Greer, ɓangaren Spartanburg, tun 1994, ma'aikata wajen 11,000, kuma kewaye da shi akwai ɗimbin ƙananan kamfanoni masu yi masa kujeru, gilashi, wayoyi, robobi. Michelin masu taya, hedikwatarsu ta Arewacin Amurka a Greenville take. GE na ƙera manyan injinan wutar lantarki a nan. Lockheed Martin na haɗa jirgin yaƙi F-16, amma irin wannan wajen ba kowa ke shiga ba, akwai maganar takardun zama ɗan ƙasa. Akwai tashar kwantena ta kan tudu a Greer da aka buɗe a 2013, jirgin ƙasa na kawo kaya daga tashar ruwan Charleston, shi ya sa sito-sito suka yi yawa, ana neman masu tuƙa fokilif da direbobin tirela. Sai asibitoci, Prisma da Bon Secours. Haka abin yake a sauran garuruwan Kudu da ake ta yabo: Chattanooga da Volkswagen, Montgomery da Hyundai, West Point ta Georgia da Kia. Tsakiyar gari ita ake ɗauka a hoto, albashi kuwa daga bayan gari yake fitowa.

Saboda haka abin da nake roƙonka, kar ka ɗaga iyali sai takardar ɗaukar aiki na hannunka, da ranar farawa a rubuce. Ni abin ya same ni shi ya sa nake nanatawa. Yawancin masana'antun nan ba sa ɗaukar sabon mutum kai tsaye, ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata ake shiga. Wani irin wannan kamfani ya kira ni a waya ina New York, matar ta ce in zo, Litinin zan fara. Na saki ɗakina, na loda kaya a motar haya, na taho da maiɗakina tana da ciki wata shida. Da na je ofishinsu aka ce an ɗage ɗaukar sababbi. Sati shida ina zaune. Muna wani ƙaramin otal a bakin hanya da ake biya mako-mako, tana dafa mana shinkafa a tukunyar lantarki a kan teburin talabijin, ni kuma kullum da asuba in buɗe waya in duba abin da ya rage a banki. Ban taɓa jin nauyin iyali a wuyana kamar lokacin ba. Allah ya kawo mafita ta hannun wani bawan Allah ɗan Sudan da muka haɗu a masallaci, ya kai ni wajen da yake aiki. Ba na so ka ɗanɗani wannan da yara uku.

Kuma ko gidan haya ba za su ba ka ba sai sun ga shaidar albashi. Yawancinsu suna so abin da kake samu a wata ya ninka kuɗin hayar sau uku, su duba kiredit ɗinka, wato tarihin yadda kake biyan bashi, ka ajiye kuɗin jingina. Haya ta fi New York sauƙi nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, a garuruwan da ke kewaye, irin Mauldin ko Taylors ko Greer ko Easley, za ka samu ɗaki uku da filin da yara za su yi gudu. Amma albashi ma ya fi ƙasa. Jihar nan ba ta da nata mafi ƙarancin albashi, na tarayya ake bi, dala 7.25 a awa, wanda bai motsa ba tun 2009. Masana'antu na biyan fiye da haka sosai, amma ka san daga inda ake fara ciniki. Ƙungiyar ƙwadago kuma kusan babu, jihar na cikin mafi ƙaranci a duk ƙasar. Aikin kansa tsayuwa ce awa goma ko sha biyu da takalmin ƙarfe, wani lokaci dare. Wanda ya saba zaman mota, watan farko ƙafafunsa za su gaya masa.

Tuƙin tasi kuwa kar ka dogara da shi. Cikin garin mutum dubu saba'in ne da 'yan kai a ƙidayar 2020, kuma kowa da motarsa. Ba jirgin ƙasa na cikin gari, bas ɗin Greenlink kuma ba ko'ina take zuwa ba. Gida mai ma'aikata biyu mota biyu yake buƙata. In ka shigo da motarka daga wata jiha, kwana 45 gare ka ka sauya lamba, za ka biya dala 250 sau ɗaya, sannan akwai harajin mota da ƙaramar hukuma ke karɓa duk shekara. Wannan harajin ya ba ni mamaki a shekarar farko, don ba wanda ya gaya min. In kana son tuƙi ya zama sana'arka a nan, ka yi lasisin babbar mota tun kana can, ko ka zo kwalejin koyon sana'a ta Greenville Tech ka yi. Suna koyar da walda da gyaran injinan masana'anta ma, kuma masu wannan takardar ba sa daɗewa a zaune.

Ka ce maiɗakinka nas ce. To wallahi ita ce ƙofarku, ba kai ba, kar ka ji wani iri. Asibitocin nan kullum suna neman nas. Sai dai New York ba ta cikin yarjejeniyar jihohin da lasisin nas ɗaya ke aiki a cikinsu, South Carolina kuwa tana ciki. Don haka sai ta nemi lasisin nan tukuna, kuma yana ɗaukar lokaci. Ta fara cike takardun tun yau. In ta samu aiki a rubuce, da shi za ku kama gida, da shi yara za su samu inshorar lafiya, kai kuma ka nemi naka hankali kwance.

Abu ɗaya da ba a sa shi a lissafin kuɗi, shi ne kaɗaici. A Bronx ka sauko daga bene ka ji Hausa, ga masallaci a kowane lungu, ga mai waina, ga mai tuwo, in an yi haihuwa ko rasuwa gida ya cika. A nan akwai masallaci a Taylors, jama'a masu kirki, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Afirka, ana samun naman halal. Amma mu Hausawa 'yan tsiraru ne. Azumin farko da muka yi a nan, maiɗakina ta sha kuka, ranar Sallah muka dawo daga idi muka zauna mu kaɗai da tuwonmu. Makwabta suna da fara'a, za su gaishe ka, za su tambaye ka wace coci kake zuwa, ka ce kai Musulmi ne, yawanci su ce to madalla. Amma ba wanda zai karɓar maka yaro in aiki ya riƙe ka. Ku zauna da ita ku yi wannan maganar sosai, don ita za ta fi jin ta. In kun ga ba za ku iya ba, ku duba Greensboro, can akwai jama'armu, akwai aikin sito da masana'antu, awa uku ce daga nan.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Ka zo kai kaɗai tukuna, kwana huɗu ko biyar, ka sauka a gidana, ɗakin yara na nan. Ka zo ranar Laraba don mu samu ranakun aiki. Ka taho da sibi ɗinka, takardar tarihin ayyukan da ka yi, ka sa duk abin da ka taɓa yi da hannu, har aikin sito da ka yi kafin tasi, shi za su fi dubawa. In kai ka ofishin SC Works, na jiha ne, kyauta suke taimaka wa masu neman aiki, mu zaga kamfanonin ɗaukar ma'aikata biyu ko uku, in nuna maka unguwannin da kuɗinka zai kai da makarantun da ke kusa. Juma'a mu yi salla a Taylors ka gaisa da mutane. Asabar sai in kai ka gadar da ka gani a bidiyo.

Ka kira ni bayan la'asar, lokacin na tashi. Ka gaida maiɗakin naka da yara. Wassalamu alaikum.