Ɗana, kasko ba ya kwana a ɗaki

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma dariyar ta ɗauke. Ka ce tun da ka koma gida da iyalinka ɗari ya hana ku barci, ka liƙe tagogi da leda, ka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ka sayo buhun gawayi, amma kakarka ta kafe kai da fata kasko ba zai kwana a ɗaki ba, wai wutar da ta kwana aljanu ne ke zuwa jin ɗuminta. Kana tambaya al'ada ce mai tushe, ko camfin tsofaffi ne da za ka iya bi ta bayansa in ta yi barci.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan, tashi ka yaye ledar taga ɗaya. Sauran zancen ma yi shi a zaune.

Ɗakin da aka raine mu a ciki ba irin naka ba ne. Bangon ƙasa ne mai kauri, ya wuni yana shan rana, da dare ya riƙa sako ɗumin a hankali har wajen asuba. Samansa jinka, hayaƙi ya ratsa shuci ya fice. Ƙofa kuwa asabari ne ko tufaniya, iska na shiga ta gefe ko ba ka so. Naka bulo ne da siminti da ƙofar ƙarfe, ga rufin kwano, da rana tanda da dare randa. Ɗakin da ba ya numfashi shi ka ƙara toshewa, sannan kana so ka shigar masa da gawayi. Ko a waccan jinkar mai ƙofofi dubu ba a yarda wuta ta kwana ba, balle nan.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa hawaye. Mutane na cewa in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, an tsira. Ba a tsira ba, jan garwashin ma yana fitar da ita. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gaɓoɓi su mutu. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa, kuma jariri da mai ciki ta fi saurin kayarwa. In har ka taɓa ganin mutanen ɗaki ɗaya sun tashi gaba ɗaya da ciwon kai, kada a tsaya neman jiƙo ko hayaƙin magani: a wangale ƙofa, a fito da su fili, a nufi asibiti.

Yadda ake yi shi ne, a hura kasko a tsakar gida tun bayan magariba, a bar shi sai baƙin ya ƙare. Gawayin ƙirya ya fi, shi maƙera ke nema, yana daɗewa kuma ba ya yawan tartsatsi. Kara da sabara na jin ɗumin waje ne, ba na ɗaki ba. A barbaɗa toka a kai, a shigar da shi a ajiye bisa yashi, taku biyu ko uku daga shimfiɗa da labule, ƙofa a buɗe kamar faɗin tafin hannu, babba na zaune. Bango da shimfiɗa ake ɗumamawa, ba iska ba. Da an yi isha'i an gama hira, a fitar da shi, a juye a murhu a binne da toka mai kauri, a kifa fasasshiyar tukunya. Da asuba ka tona, za ka tarar da na ɗumama ruwan alwala da ɗumame.

Malamanmu na allo sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida in za a kwanta, har aka ambaci ɓera da ke jan lagwanin fitila ya ƙone gida. Kakarka ta san wannan sarai. Zancen aljanu kuwa tsakaninka da ita, ni ban isa in shiga ba. Abin da na lura da shi kawai, yaron da aka ce wa "za ka shaƙe" yakan gwada ya gani, wanda aka ce wa "aljani" ba ya gwadawa.

Amma abin da tsofaffinmu suka fi tsoro a hunturu gobara ce. Iskar nan daga arewa maso gabas take busowa, ƙurarta mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ita ce hazon da ke hana jirage sauka a Kano. Daga Disamba zuwa Fabrairu ta tsotse ruwan komai: danga, zana, jinka, tarin kara, harawar da aka ɗora a kan rumfa. Takan tashi da hantsi ta lafa da yamma, shi ya sa girkin rana ake gama shi da wuri, na dare a jira la'asar sakaliya, mai unguwa kuma ya sa a yi shela a kashe wuta.

Wata shekara, tun kwano bai shigo garinmu ba, ranar kasuwa ce maza duk sun watse. Aka aiki wata yarinya ɗebo wuta a maƙwabta. Maimakon a ba ta fasasshen kasko ta rufo, sai ta kunno kan kara ta taho a guje, iska ta fizgi tartsatsi ta liƙa a danga. Kafin a ce kwabo karan ya fara fashewa tas-tas, wutar ta bi dangar kamar an ja ta da igiya, ta hau jinkar farko. Daga nan ba ta ƙara bin ƙasa ba. Guntayen shuci masu ci suka riƙa tashi sama, su tsallake gida guda su sauka a na gaba. Mata na salati, awaki na kuka a turke, hayaƙi ya haɗu da hazo har rana ta koma ja.

Tsofaffin da suka rage a gari ba su nufi rijiya ba. Guga ɗaya-ɗaya me zai yi? Gidan da ya kama an bar wa Allah. Gaban wutar suka sha, ta inda iska ta dosa, suka sassare dangogi da adda da gatari suka kwantar, don ta rasa abin takawa. Aka cicciɓe jinkunan rumbuna aka jefar nesa. Yara manya suka hau ɗakunan da ba su kama ba da ɗanyun rassa, duk inda tartsatsi ya sauka a buge shi nan take. Mata na jidar ƙasa a ƙwarya ana watsawa. Dabbobi kuwa yanke igiyarsu aka yi aka kora bayan gari, aka sa mai tsaro, don akuya in ta ruɗe turkenta take komawa ko da yana ci. Rumbunan ƙasa da aka cire wa jinka aka rufe bakinsu sun tsira. Na zana ba wanda ya kai labari, hatsin ya yi kwanaki yana ci ta ciki, wanda aka tsamo ma tuwonsa ƙauri har damina.

Washegari kowane gida ya kai dami, na gero ko na dawa, gwargwadon ƙarfinsa, aka kira gayyar jinka. Nan aka sha wuya, don a tsakiyar hunturu shuci ya yi wuyar samu, sai da aka yi ta roƙo a ƙauyukan kewaye. Ba wanda ya taɓa yarinyar. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya ce laifin na wadda ta aike ta hannu wofi ne. Daga ranar ya sa aka mayar da tarin karanmu bayan gida, rumbu kuma nesa da murhu, yana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku yanzu kun samu kwano kun ɗauka an gama da wannan. Ga jarkar fetur a ƙarƙashin gado, ga kyandir a kan katifa, ga janareta a zaure an rufe ƙofa don tsoron ɓarawo, alhali hayaƙinsa gubar nan ce dai ta gawayi. Sannan mutum ya yi wanka da sassafe, ya fito da singileti yana cewa garin ba ya zaunuwa.

Ɗari ba da wuta kaɗai ake yaƙarsa ba. Kafa zana mai tsayi ta ɓangaren da iska ke bugowa, ɗan nesa da bango, za ka ji bambanci a daren farko. Kada katifa ta taɓa siminti, a sa tabarma biyu ko a ɗaga ta. Mayafi biyu marasa kauri sun fi bargo ɗaya, yara kuma da hula da safa. Kunun tsamiya ko koko da citta da kanumfari da masoro kafin a fita, a sha hantsi a jikin bangon gabas, wanka sai azahar, a shafa man kaɗanya jiki bai gama bushewa ba. Faso in ya fara, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, a goge kaushin, a cike tsagar da man, a sa safa. Kada a saki awaki sai rana ta ɗaga, ƙananan kuma a kwantar da su bisa ƙaiƙayi a inda iska ba ta kaiwa, don sanyin asuba ke kashe su. Akurki a rufe shi da buhu ta gefen iska, kuma kada ka sayo kaza a kasuwa ka haɗa da naka yanzu, lokacin annobarsu ne.

Ka ce iyalinka ta kusa sauka, Allah Ya raba lafiya. Nan ne za ka ga kakarka ta juya, ita da ke korar kasko ita za ta nemi a hura wuta ƙarƙashin gadon mai jego, ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa kwana arba'in. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun daɗe, tun wajen shekarun 1970, suna danganta yawan kanwa da tsananin zafin nan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Ruwan ɗumi ya isa, kanwa a rage ƙwarai. Amma kada ka tare ta da wannan kai kaɗai, ba za ta ji daga bakin jika ba. Ka bari in zo, mu zauna da ita da ungozoma. Ka gaishe ta, ka gai da mai ɗakinka.