Amsar Gwaggo Ga Mai Shirin Barin Dafaffen Abinci

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso, na karanta shi a natse. Kin ce kina so ki koma cin ɗanyen abinci zalla, wanda masu yinsa ke kira abinci mai rai, kina tambaya ko girki ba al'ada ce kawai da muka gada ba, wadda mutum zai iya ajiyewa in ya ga dama. Kin kuma tambaya ko laifi ne ki ware kwanonki daga na 'yan gida. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun kafin ki fara.

Wannan tsari ya daɗe. Wajen shekarar 1900 wani likita a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yana ciyar da majinyatansa ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye. Daga baya wata mata, Ann Wigmore, ta yaɗa cin tsiron hatsi da ruwan ganyen alkama a Boston ta Amurka. Ƙa'idarsu ita ce kada zafi ya wuce kimanin digiri 48 na ma'aunin Selsiyus a kan abinci, domin a cewarsu wuta na kashe sinadaran enzayim da ke taimaka wa narkewa. Gaskiya ne zafi na lalata su. Sai dai jikinki yana haɗa nasa a yawu da ciki da hanji, kuma yawancin na cikin ganye ruwan ciki ne ke narkar da su kamar kowane abinci. Inda suke da gaskiya sosai shi ne bitamin C, wanda doguwar tafasa ke ragewa. Amma tumatir da karas akasin haka ne: jiki ya fi tsotsar amfaninsu idan sun ga wuta da ɗan mai.

To, batun al'ada. Yadda ake girki al'ada ce, kowace al'umma da nata salon. Girkin kansa kuwa ya girmi duk wata al'ada da muka sani, don ba a taɓa samun wata al'umma a doron ƙasa da ba ta dafa abinci ba. Ki dubi haƙoranmu ƙanana, ga hanjinmu gajere idan aka kwatanta da na dabbobin da ke wuni suna tauna ganye. Wuta tana yi wa cikinmu rabin aiki tun abinci na cikin tukunya. Shi ya sa wanda ya bar ta gaba ɗaya yakan cika ciki tim, amma ƙarfi bai isa jiki ba.

Ba da baki kawai nake faɗa ba. A 1999 masu bincike a Jami'ar Giessen ta Jamus sun fitar da sakamakon nazarin mutane fiye da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci. Matan sun rage kimanin kilo 12 a matsakaici, mazan kusan kilo 10, kuma wajen kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba hailarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, 'yata, domin ke budurwa ce, aure da haihuwa na gabanki in Allah ya yarda. Idan jikin mace ya dakatar da haila a kan irin wannan cima, yunwa yake ji ko da ita ba ta ji. Ga kuma bitamin B12, wanda ba a samunsa daga ganye da 'ya'yan itace yadda za a dogara da shi. Ƙarancinsa ba ya bayyana da wuri, sai a wayi gari da kasala, ƙarancin jini, da tafin ƙafa na yin kamar ana tsira masa allura. Duk wanda ya bar nama da ƙwai da madara, dole ya riƙa shan ƙwayarsa.

Akwai abubuwan da ba na so ki kusance su ɗanye ko da wasa. Jan wake mai siffar ƙoda, wanda Turawa ke kira kidney beans, yana da guba da sai tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10 ke kashewa. Ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa amai da gudawa. Rogo ma yana da tasa gubar. Nama, ƙwai da madarar da ba a tafasa ba kuwa hanya ce ta ƙwayoyin cuta. Shi kansa tsiron da suke alfahari da shi sai da lura: ana jiƙa ƙwayar ta kwana, a tsane ta a cikin kwalba, a rufe bakin da ƙyalle mai tsabta, a riƙa ɗauraye ta safe da yamma har farin tsiro ya leƙo. Ɗumin nan da danshin da ke sa ƙwaya ta tsira su ne kuma ƙwayar cuta ke so. A 2011 tsiron hulba ya haddasa annoba a Jamus, mutane kusan 50 suka rasu. In kin ji ya yi yauƙi ko warinsa ya sauya, zubar da shi, kada ki ji asara.

Duk da haka ban ce ki fasa ba, domin niyyarki mai kyau ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowa ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum, mutane da yawa kuma ba sa kaiwa. Ki fara da ƙari, kada ki fara da ragi. Ki karya kumallo da 'ya'yan itace, da rana ki cika rabin farantinki da kabeji, kokwamba da gurzajjen karas, sauran rabin dafaffe. Ki wanke komai da ruwa mai tsabta, ki tauna sosai. A makonnin farko za ki ji kumburin ciki da iska. Ki rage kaɗan, ki sha ruwa, ciki zai saba. Ki haɗa da gyaɗa ko man zaitun, don ganye shi kaɗai ba ya riƙe mutum. Bayan 'yan watanni ki je a gwada jininki. Jiri, zubewar gashi ko jinkirin haila, duk wanda kika gani ki koma kan dafaffe ki ga likita. Mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara kuwa ba a sa su a wannan tsari.

Maganar ware kwano ce ban yarda da ita ba. Wadda ta tsaya a gaban wuta ta yi girki, ta zuba miki, kika ture, ba za ta ji bayanin enzayim ba, abin da za ta ji shi ne kin raina wahalarta. Ki yanka ganyenki da yawa ki kawo tsakiya kowa ya ɗiba, ke ma ki sa hannu a nasu. In kin je gidan mutane aka kawo miki abinci, ki ci ko loma biyu ne, kuma kada ki mai da wurin cin abinci wurin wa'azi. Ki zauna da mamanki ki faɗa mata shirinki da bakinki, kafin ta gani a faranti.

Ki gaishe ta, ki gaida ƙannenki. Ki rubuto mini bayan an gwada jinin.

Gwaggonki