LucasArts da Lucasfilm Games: gida ɗaya ne ko biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yaro na sha buga gem ɗin Star Wars a kwamfuta, a jikinsu akwai tambarin LucasArts. Kwanan nan na ga sabon wasan Indiana Jones, amma Lucasfilm Games aka rubuta. Suna kawai aka sauya, ko kamfanin farko ya mutu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gida ɗaya ne, kuma sunan da ka gani kwanan nan shi ne ma na asali. Sai dai aikin da ake yi a gidan yau ba shi ne na da ba.

A 1982 George Lucas, mai kamfanin fim na Lucasfilm a Amurka, ya buɗe ƙaramin sashen wasannin bidiyo, kamfanin Atari ya zuba dala miliyan 1 a ciki. Abin da zai ba ka mamaki, ba su da ikon yin wasan Star Wars, domin an riga an sayar wa wasu kamfanoni lasisinsa. Ni a ganina wannan rashin shi ne babban arzikinsu. Da babu fim ɗin da za su jingina da shi, dole suka ƙirƙiro nasu. Suka fara da Ballblazer da Rescue on Fractalus!, a 1986 kuma suka gwada Habitat, inda mutane da yawa ke haɗuwa a duniya ɗaya ta layin tarho, a kan kwamfutar Commodore 64.

A 1987 suka fitar da Maniac Mansion, wasan farko da suka buga suka kai kasuwa da kansu. Ka lura da bambancin: akwai mai ƙera wasa, akwai mai zuba kuɗi ya tallata ya rarraba, kuma daga wannan shekarar suka haɗa duka biyun. Ron Gilbert ya gina wa wasan wani tsari mai suna SCUMM. Kafin nan, a yawancin wasannin labari sai ka rubuta umarni da hannunka, in ba ka dace da kalmar da kwamfuta ta sani ba ka maƙale. Da SCUMM sai dai ka latsa kalmar aiki a allo, ka latsa abin da kake nufi. A kansa aka gina The Secret of Monkey Island a 1990, shekarar da aka sake fasalin kamfanin sunan LucasArts ya shigo. Gilbert ya tsaya a kan cewa bai kamata a riƙa kashe mai wasa don ya yi ɗan kuskure ba, kuma har gobe ina ganin wannan mutunta mai wasa ne. Day of the Tentacle a 1993, Full Throttle a 1995 da Grim Fandango a 1998 duk a wannan turbar suka biyo.

Da Star Wars ya dawo hannunsu, sun yi masa aiki mai kyau: X-Wing a 1993, TIE Fighter a 1994, Dark Forces a 1995. Amma kuɗin da yake kawowa ya fi na wasannin labari nesa ba kusa ba, sannu a hankali ya danne su. Tim Schafer, wanda ya jagoranci Grim Fandango, ya tafi a 2000 ya kafa Double Fine. A 2004 aka soke sabon wasan Sam & Max ana tsakiyar aikinsa, wasu ma'aikatan suka fita suka kafa Telltale. Wannan sokewar ta yi mini ciwo ƙwarai. A shekarun nan manyan wasanninsu wasu kamfanoni ne ke ƙerawa, LucasArts kuma ya fitar da su kasuwa, kamar Knights of the Old Republic na BioWare a 2003.

A Oktoban 2012 Disney ya sayi Lucasfilm kan sama da dala biliyan 4. A Afrilun 2013 aka rufe sashen ƙera wasanni, aka sallami ma'aikata kusan 150, wasan Star Wars 1313 da ake ta ɗoki ya tafi ke nan. Wata guda bayan haka aka ba Electronic Arts lasisin manyan wasannin Star Wars shi kaɗai.

A Janairun 2021 aka dawo da sunan Lucasfilm Games. Aikinsa yanzu ba da lasisi ne da sa ido a kan labari. Wasan Indiana Jones and the Great Circle da ka gani, kamfanin MachineGames na ƙasar Suwidin ne ya ƙera shi, Bethesda ya fitar da shi a Disamban 2024. In kuma ɗanɗanon tsohon gidan kake nema, ka nemi Return to Monkey Island na 2022, wanda Ron Gilbert ya dawo ya jagoranta da kansa.