Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kafaɗar Innarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce wata 4 ke nan kafaɗarta na ciwo, ba faɗuwa ba buguwa, yanzu ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa, har ana cewa a kai ta wurin mai ɗori. Ina karantawa na ce wannan ai ciwona ne sak.

Ni a wani ƙauye nake a ƙasar Ɗambatta, shekarata 53. Tawa da kaka ta fara, lokacin sussukar gero, sai na ɗauka gajiyar taɓarya ce. Da dare ta fi cin rai, in na juya a kanta sai na farka da salati. Maigida ya kai ni wurin wani mai ɗori, ya ce targaɗe ne, aka rirriƙe ni ya fizgi hannun. Kwana uku ban runtsa ba. Daga nan na rataye hannun da gyale wata guda don tsoro, ashe ƙara kulle ta nake yi.

Sai a Asibitin Ƙashi na Dala aka gane. Hoto ya nuna ƙashi lafiya lau. Likita ya ce akwai wani tantani da ya lulluɓe gaɓar kafaɗa kamar jaka, shi ne ya kumbura, ya yi kauri, ya tsuke, ciwon da ake kira frozen shoulder da Turanci, wato sagewar kafaɗa. Ke nan babu abin ɗorawa. Ki gwada Inna a hankali: ta saki hannun, ke ki ɗaga mata. In ya cije a wuri guda ko da ba ita ke ɗagawa ba, to ya yi kama da irin ciwona, amma likita ne zai tabbatar.

A ranar aka auna min suga, ashe ina ɗauke da shi ban sani ba. Ciwon ya fi kama masu suga da mata 'yan shekara 40 zuwa 60, don haka kar ku baro asibiti ba a auna ta ba.

Kashi uku yake tafiya. Farko zafi, tsawon watanni. Sannan zafin ya lafa, kafaɗar ta sage, a nan mutane ke cewa hannu ya mutu, alhali bai mutu ba. Daga baya ta riƙa sakewa da kaɗan-kaɗan. Gaba ɗaya yakan ci shekara 1 zuwa 3. Ni shekara ɗaya da wata 8 na yi kafin na sake jan guga.

Masu gashin ƙashi suka koya min motsa ta. In gasa da tsumma da ruwan ɗumi, in sunkuya in saki hannun yana lilo. In tsaya gaban katanga yatsuna su riƙa hawa, duk Juma'a jikana ya ja min layi da gawayi inda na kai. Wani satin layin ba ya gusawa, har kuka na taɓa yi. Akwai na zani ta bayan gadon baya, lafiyayyen hannu yana jan mai ciwon sama. Ƙa'idar, a ja har a ji ta miƙe, kar a kai ga zafin da zai hana barci.

Magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac kuwa, kar ta maishe su abinci, suna taɓa ciki da ƙoda, balle in tana da olsa ko hawan jini. Akwai allurar da likita ke yi a cikin gaɓar, tana rage zafi a farko-farko, sai dai takan ɗaga suga na 'yan kwanaki.

Bara ta hagun ma ta fara taɓa ni, dama an ce takan koma ɗayar. Wannan karon ban rataye ta ba, katangar na koma, layukan gawayin ma ba su gama gogewa ba.