Hukuncin sayen ƙuri'u da sharhin bogi ranar ƙaddamar da manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na shafe watanni ina gina wata manhaja da ke taimaka wa masu rubuta manhajoji gano kurakuransu, kuma ina shirin ƙaddamar da ita a shafin Product Hunt, inda ake jera sababbin manhajoji kullum gwargwadon ƙuri'un da suka samu. Wani ya yi mini tayin ƙuri'u 300 da sharhin yabo daga asusun da shi kansa ya buɗe, in biya shi. Shin ya halatta? Sannan akwai wani sashe na manhajar da bai gama gyaruwa ba, dole ne in faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a aikinka. Gina manhaja mai amfani da tallata ta halal ne, domin asalin mu'amala halacci ne, amma tayin da aka yi maka haramun ne, kada ka karɓa.

Sunan wannan aiki a wurin malaman fiƙihu najashi, wato mutum ya ƙara farashin haja ko ya zuzuta ta alhali ba shi da niyyar saye, don kawai wani ya ruɗu ya saya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana najashi. Ka dubi mutumin da zai buɗe shafin a ranar: zai ga manhajarka a sama, ya karanta wani yana cewa ta rage masa aikin mako guda, alhali wanda ya rubuta bai taɓa sauke ta ba, sai ya ciro katinsa ya biya kuɗin wata. Yardarsa an gina ta ne a kan shaidar zur. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Burunai a 1993, ta lissafa amfani da kafofin watsa labarai wajen ba haja siffofin da ba ta da su cikin najashin zamani, kuma a ganina sharhin bogi ya fi talla muni, domin talla kowa ya san mai kaya ne ke magana, shi kuwa sharhi ana ɗaukarsa maganar ɗan'uwa mai saye.

Ko da kyauta kake ba da manhajar, haramcin yana nan, saboda matsayin da ka hau da ƙuri'ar saye haƙƙin wani ne da ya kwana yana aiki kamar yadda ka kwana. Haka kuma shafin ya hana sayen ƙuri'a cikin ƙa'idojinsa, ka amince da su ranar da ka yi rajista, kuma Allah ya umarci muminai da cika alkawura a ayar farko ta Suratul Ma'ida.

Sanar da 'yan'uwa da abokai cewa ka ƙaddamar, su gwada su faɗi abin da suka gani, babu laifi a ciki, matuƙar ba kai ka shifta musu abin da za su rubuta ba.

Game da sashen da bai gyaru ba kuwa, idan yana cikin abin da mai saye zai biya kuɗi dominsa, wajibi ne ka bayyana. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka ka rubuta a fili cewa wannan sashe yana matakin gwaji, kuma kada hoton bidiyon da za ka nuna ya ƙunshi abin da manhajar ba ta iya yi a yau. Ƙananan kurakuran da kai ma ba ka sani ba, babu zunubi a kanka.

Idan ka riga ka biya mutumin, ka dakatar da shi, ka nemi a goge sharhin, ka tuba. Wanda ya biya ka saboda wannan sharhi yana da zaɓin a mayar masa da kuɗinsa, kamar yadda Malikiyya suka ba mai saye zaɓi idan an yi najashi da sanin mai kaya. Allah ne mafi sani.